Shaidar da Auta Ya Kai Asibiti

A bakin aiki tarin ya fara kunyata Auta. Shi ne mai shela a tashar jirgin ƙasa, yana zama a wani ɗan ɗaki mai gilashi da ke kallon dandamali, gabansa makirfo da allon lokutan jirage da fulas ɗin shayi. Ya ba arba'in baya. Ma'aikatan tashar Lasifika suke ce masa, don ko babu makirfo ana jin gaisuwarsa daga wancan ƙarshen tashar. A gida kuwa Auta ne, haka mahaifiyarsa ke kiransa, kowa ya bi bakinta.

Da fari mura ce, irin wadda ta zaga masu sayar da tikiti ɗaya bayan ɗaya. Da ta saki hancinsa sai ta gangara ƙirji. Ran nan yana tsakiyar sanar da jirgin yamma tari ya sarƙe shi, bai samu damar kashe makirfo ba. Tarin ya fita ta kowace lasifika ta tashar, har da ta cikin banɗaki. Fasinjoji suka ɗaga kai suna kallon sama. Shugaban tasha ya hawo da kansa ya tsaya a bakin ƙofa.

"Lasifika, tattara ka tafi gida. Ka firgita mini mutane. Wani dattijo ya zo yana tambayata ko jirgi ne ya kauce hanya."

Washegari ya je ƙaramin asibitin unguwa. Likitar mace ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta sa masa abin sauraren ƙirji a gaba da baya, ta ce ya ja numfashi, ya saki, ya sake ja. Ta auna zafin jikinsa, ta maƙala masa wani ɗan abu a yatsa ta duba lambar da ya nuna.

"Huhunka lafiya lau," in ji ta. "Bututun da iska ke bi zuwa huhun ne suka kumbura, suna tara majina, shi ya sa kake jin ƙirjin na kuka. Murar ce ta jawo. Ka huta, ka sha ruwa da yawa, ka riƙa shan abu mai ɗumi da zuma. In jiki na ciwo ka sha farasitamol. Ka guji hayaƙi."

Auta ya jira sauran, bai ji ta ƙara komai ba.

"Likita, maganin fa? Wanda ke kashe ƙwayoyin cuta?"

"Ba zai yi maka komai ba. Irin wannan yawanci bairas ke kawo shi, maganin da kake nufi kuwa ba ya taɓa bairas. Sai dai ya ɓata maka ciki a banza."

"Ko allura guda?"

"Ko guda. Tarin zai daɗe, yana iya kai mako uku, kada ka damu da wannan. Abin da zai sa ka dawo da sauri shi ne zazzaɓi mai zafi da ya ƙi sauka, ko numfashi ya riƙa yi maka wuya, ko ka ji suka a haƙarƙari in ka ja iska, ko ka ga jini a kaki."

Ya fito ransa a ɓace. A ganinsa mutumin da tarinsa ya tsayar da tasha guda ya fi ƙarfin a sallame shi da zuma.

Gidansu a hawa na uku yake, ɗaki biyu da falo. Matarsa malamar firamare ce, kowa Malama yake ce mata, da sassafe take fita sai la'asar ta dawo. Saboda haka jinya ta faɗa hannun Inna, mahaifiyarsa, wadda ke zaune tare da su tun rasuwar mijinta. Inna ta haura saba'in, 'yar ƙarama ce mai zafin nama da kaifin baki. Kullum ita ke sauka ta sayo burodi ta hawo da ƙafarta, kuma in ana labarai a rediyo tana mayar wa mai karantawa magana kamar yana jin ta.

Auta ya tare a doguwar kujerar falo da bargo da filo biyu. Daga nan yake mulkin gidan.

"Inna, ruwan nan ya huce."

"Inna, kin ji wannan? Daga can ƙasa ya fito, wallahi."

Inna ta dafa ruwa, ta kaɗa zuma, ta shafa masa man zafi a ƙirji, ta kwashe tsummokaran da ya tara ta wanke. Tana yi tana yi masa tsiya.

"Na haifi biyar, ban taɓa ganin mai jin daɗin ciwo irinka ba. Mutum ya yi tari ya tsaya yana jiran a yaba masa."

Ita ma murar ta taɓa ta, amma sama-sama. Tana ɗan tari ƙasa-ƙasa, sau ɗaya sau biyu, na Auta ya danne shi. In Malama ta tambaye ta sai ta ce ƙura ce ta shaƙa wajen shara.

Abin da aka fara lura da shi shi ne shiru. Rediyo ya kwana ya wuni a kashe. Burodi ya ƙare ba wanda ya sauka. An zuba wa Inna abinci ta ɗan taɓa ta ture. Sai wata la'asar Malama ta dawo ta buɗe durowar kaya ta tarar da wanki jiƙaƙƙe an ninke shi tsaf an jera a kan busassun kaya, ruwa har ya ratsa zuwa ƙasa. Ta leƙa ɗakin Inna ta same ta zaune a bakin gado, ta jingina da bango ta gefen dama.

"Inna, lafiya kuwa? Ke kika sa wankin a durowa?"

Inna ta ɗago ta dube ta, ta kira ta da sunan wata ƙanwarta, ita Innar, da ta rasu tun kafin a yi auren Malama. Sannan ta ce, "Babansu ya dawo daga shago? Ki ajiye masa ruwan wanka."

Malama ta matsa kusa da ita. Ta taɓa goshinta, ba ta ji wani zafi na a zo a gani ba. Ta fito ta faɗa wa Auta. Ya taso da bargonsa ya leƙa, Inna ta gane shi, har ta ce ya koma ya kwanta kada sanyi ya kama shi. Ya dawo falo yana cewa gajiya ce, barci ne bai sake ta ba.

Duk da haka ya kira Yaya Babba, babbar yayarsu da ke wani gari tana da shagon kayan ɗinki. Yaya Babba ba ta jira ya gama ba.

"Rikicin tsufa ne. Haka na Goggo ya fara, da ɓoye cokula a cikin takalmi. Na sha faɗa muku zaman benen nan ba na tsohuwa ba ne. Ƙarshen wata zan zo in ɗauke ta."

Malama ba ta gamsu ba. Da safe tana ɗaura ɗankwali ta tsaya a kan Auta.

"Yallaɓai, ka ce yau za ka koma wurin likitar nan. Ka tafi da Inna a duba ta. Yara na da jarrabawa, da ni zan kai ta."

"Da ma abin da ke raina ke nan," in ji Auta, yana gyara zama. "Matar nan gani take raki nake yi. Gara Inna ta faɗa mata da bakinta yadda nake tari. Ai ba za ta ƙaryata tsohuwa ba."

Malama ta ɗauki jakarta. Ta ga dai duk hanyar da aka bi asibitin za a je.

Saukowa daga benen ta ɗauke su lokaci. A kowace kwana Inna sai ta tsaya ta dafa ƙarfe da hannu ɗaya, ɗayan a haƙarƙarinta na dama. Auta ya ɗauka gwiwa ce. A cikin tasi ta jingina kanta da gilashi, shi kuwa yana ta yi mata bitar abin da za ta faɗa: cewa tarin ba ya barinsa barci, cewa kakin ya koma ruwan ɗorawa, cewa ita kanta ta ga ya rame.

Da aka kira su, Auta ya zauna a kujerar marar lafiya, Inna ta tsaya a bayansa ta riƙe kan kujerar.

"Likita, na dawo. Na sha zumar, na sha ruwan har cikina ya zama tulu. Ga mahaifiyata nan, ita ke jinyata, ki tambaye ta da kanki."

Likitar ba shi take kallo ba. Idonta na kan Inna.

"Tashi ka ba ta kujerar."

"Ai ita shaida ce kawai, ni ne..."

"Tashi."

Ya tashi. Likitar ta zagayo ta zaunar da Inna, ta durƙusa a gabanta. Ta zuba wa ƙirjinta ido tana duba agogon hannunta. Sai a lokacin Auta ya ga abin da likitar ta gani: rigar Inna na ɗagawa tana sauka da sauri-sauri kamar ta wanda ya sha gudu, alhali tun ɗazu a zaune suke a layi. Leɓɓanta sun bushe, sun yi wani duhu-duhu.

Likitar ta maƙala mata abin nan a yatsa, ta duba, ta cire ta sa a wani yatsan ta sake dubawa. Ta sa abin sauraro a bayanta, sama, tsakiya, ƙasa. Da ta zo ƙasan dama ta daɗe a wurin.

"Mama, ja numfashi sosai."

Inna ta ja, ta yanke a tsakiya, ta kama gefenta tana yamutsa fuska.

"Nan ke sukar ki?"

"Kaɗan ne, 'yar nan. Ki duba yaron, shi ne ba lafiya."

"Zan duba shi. Mama, ina muke yanzu?"

Inna ta waiwaya ta dubi labule, ta dubi gadon awo. "Gidan tela ne ko? Mun zo karɓar ɗinki."

Likitar ta miƙe ta juyo wurin Auta.

"Tun yaushe take ruɗewa haka?"

"Shekaranjiya ne, ko jiya. Yayata ta ce rikicin tsufa ne."

"Makon jiya fa? Hankalinta ɗaya?"

"Ƙalau. Ita ke mana komai."

"To ba rikicin tsufa ba ne. Shi a hankali yake shigowa, wata da watanni. Wanda ya zo farat ɗaya irin wannan, ciwo ne ke kawo shi. Mahaifiyarka nimoniya gare ta. Huhunta na dama ya kamu, iskar da ke shiga jininta ta yi ƙasa. Yanzu za a sa mata oksijin, motar asibiti ta kai ta babban asibiti. Kwantar da ita za a yi."

Auta ya matso kusa da likitar.

"Amma likita, ba ta tari sosai. Jikinta ma ba zafi."

"Tsofaffi sau da yawa haka take zo musu. Ba babban tari, ba zazzaɓi mai zafi. Sai dai ka ga sun daina cin abinci, sun yi laushi, suna haki, ko hankali ya gushe. Naka a bututu ya tsaya, yana da ƙara amma zai wuce. Nata ya shiga cikin huhun kansa."

Nas ta shigo da tukunyar oksijin, ta zura wa Inna siririn tiyo a hanci. Auta ya tsaya a jikin bango da bargon da ya yafo tun daga gida, bai san inda zai ajiye shi ba.

"Ni na sa mata?" ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Mura in ta shiga gida zagawa take yi, kowa da inda take kayar da shi. Ba wannan ne aikin yanzu ba. Kira wanda zai kawo mata kaya. Kai kuma ga takunkumi, ka sa, kada ka cire shi a can."

A babban asibiti aka ɗauki hoton ƙirjinta, aka ɗebi jini. Wani likita matashi ya ɗaga hoton a jikin fitila ya nuna wa Auta. Gefen hagu baƙi ne wasai, gefen dama kuwa daga ƙasa ya yi fari kamar an shafa alli.

"Nan ya kamata a ce iska ce. Ruwa da majina ne suka cika wurin."

Aka ba ta gado a ɗakin mata, kusa da taga. Aka sa mata ƙarin ruwa, aka fara ɗura mata maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. Auta ya kalli nas tana zuƙe maganin daga 'yar kwalba. Abin da ya yi ta naci a kai ke nan, ga shi ya zo gidansu, amma ba ta hanyar da ya so ba.

Tari ya taso masa, ya yi ƙoƙarin danne shi, ya ƙi dannuwa. Babbar nas ɗin ɗakin ta nuna masa ƙofa da biro.

"Malam, waje. Duk waɗanda ke nan ƙirji ne ya kawo su. In ya lafa ka wanke hannu ka dawo."

Haka ya koma zama a bencin baranda. In tarin ya yi sauƙi ya shiga, in ya taso ya fito da gudu. Malama ta iso kai tsaye daga makaranta da jakar takardun jarrabawa a kafaɗa da ledar kayan Inna a hannu. Ba ta ce masa ai na faɗa maka ba. Ta karɓi bargon daga hannunsa ta ninke ta sa a leda.

Yaya Babba ta iso washegari da akwati da fushinta. Tun daga bakin baranda ta fara.

"Ƙato da kai, ka kwanta tsohuwa na yi maka bauta har ta faɗi! Ina idonku yake?"

"Yaya, ke fa kika ce rikicin tsufa ne."

"A waya na faɗa! Ina ganin ta ne? Kai da ke kwance a gabanta me ka gani?"

Malama ce ta shiga tsakani, ta ce faɗan zai iya jira, Inna ba za ta iya ba. Ta raba musu aiki a tsaye: Yaya Babba ta kwana, Auta ya wuni, ita kuma ta zo da abinci in an tashi makaranta. Yaya Babba ta shiga ɗakin tana huci. Da ta ga Inna da tiyo a hanci, ta ƙanƙance a cikin gadon, sai ta ajiye akwatin ta zauna ta kama ƙafafunta tana matsawa.

Kwanakin farko ba su yi daɗi ba. Zazzaɓin da bai fito a gida ba ya fito a asibiti. Inna ta riƙa fizge tiyon daga hancinta tana neman takalmi, wai za ta je ta ɗora tukunya. Wata hantsi Auta na zaune a gefenta ta kamo hannunsa.

"Babanku ya dawo?"

In ya ce ya rasu, kamar yau za ta fara jin labarin. In ya ce yana hanya, ya yi wa mahaifiyarsa ƙarya tana kwance. Ya fita ya sami babbar nas a teburinta ya tambaye ta yadda ake yi.

"Kada ka yi gardama da ita, kada kuma ka tsaya ƙirƙiro labari. Ka faɗa mata inda take da wanda ke tare da ita, a hankali, ko sau nawa ta tambaya. Tana da tabarau? Ku kawo mata. Ku bar labulen a buɗe ta riƙa ganin rana. In ciwon ya ja baya, hankalin yakan dawo."

Ya koma ya zauna, ya mayar mata da tiyon, ya sassauta muryarsa iyakar yadda zai iya.

"Inna, asibiti muke. Ƙirjinki ne ke ciwo, ana ba ki magani. Ni ne Auta. Yaya ta je wanka, yanzu za ta dawo."

"Asibiti," in ji Inna, kamar tana ɗanɗana kalmar. Can ta sake tambaya, ya sake faɗa mata. Haka suka wuni.

A gadon da ke kusa da nata akwai wata mata mai sayar da kifi, ba ta kai Inna shekaru ba, jibgegiya mai fara'a. Ita ma nimoniya ce, amma ta daɗe tana fama a gida tana sayen magani a kemis tana sha tana fita kasuwa, sai da ta faɗi a gaban teburinta aka kawo ta. 'Ya'yanta na nesa, ba kullum ake zuwa duba ta ba. Ita ce ke kiran nas in Inna ta cire tiyo Auta na waje yana tari. Malama ta fara zuwa da romo kwano biyu.

Wata safiya Auta ya shigo ya tarar da Inna zaune an jingina ta da filo, tabarau a hanci, tana juya bakin zanen da ke jikinta.

"Wa ya kawo mini wannan zanen? Na gado ne fa. Duk kayana ba a ga na sawa ba sai wannan?"

Auta ya tsaya cak a bakin gadon.

"Inna, kin san inda muke?"

"Asibiti mana, ina ganin ƙarin ruwa a hannuna. Kai kuma me ka rufe baki da shi kamar ɗan fashi? Ke kuma," ta juya wurin Yaya Babba, "wa kika bar wa shago?"

Yaya Babba ta fashe da kuka da dariya a haɗe. Auta ya fita baranda, ba don tari ba wannan karon, ya daɗe a tsaye yana kallon motocin da ke shiga da fita.

Inna ba ta tuna komai ba tun daga ranar wankin. Mai kifi ce ta ba ta labari, don Malama ta riga ta faɗa mata yadda aka yi aka zo, kuma ta ƙara nata gishirin. Inna ta saurara har ƙarshe, ta dubi ɗanta ta saman tabarau.

"Wato shaida ka kai ni."

"Inna, a bar maganar."

"Na bayar?"

"Ba ki samu dama ba."

"Allah ya rufa maka asiri. Da na faɗa mata tun kana yaro haka kake."

Mai kifi ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sai da nas ta zo ta ɗaga ta zaune.

Daga nan sauƙi ya riƙa zuwa kaɗan-kaɗan. Aka rage oksijin, aka cire shi. Aka mayar da maganin jijiya na haɗiya. Wata ma'aikaciya ta riƙa zuwa tana sa ta jan dogon numfashi, ta riƙe, ta saki, ta yi tari ta fitar da abin da ke ciki ko da yana mata zafi. Aka ce ta daina wuni a kwance. Ta fara da zama a kujera, sannan zuwa bakin ƙofa, sannan baranda, Auta na riƙe da gwiwar hannunta. Nasa tarin kuwa ba wanda ya san ranar da ya tafi, har shi kansa. Malama ce ta lura ya wuni a ɗakin ba a kore shi ba.

Ranar sallama likita ya tara su ya yi musu bayani. Ta shanye maganin duka ko ta ji garau. Gajiya za ta daɗe tana damunta, makonni ma, kada su ɗauka wani sabon ciwo ne. In zazzaɓi ya dawo, ko haki, ko ta sake ruɗewa, su juyo nan take. Za a duba ta mako mai zuwa, daga baya a sake ɗaukar hoto a ga huhun ya washe. In ta murmure akwai allurar rigakafi ta nimoniya da ta mura da ake yi wa masu shekarunta.

Inna ta yi sallama da mai kifi, wadda har lokacin tiyo na hancinta, kuma an ƙara mata wani maganin don na farkon bai karɓe ta ba.

"Ki yi sauri ki tashi," in ji Inna. "Ina son in ga teburin nan naki da kike cika baki a kai."

"Ki zo da babbar jaka, Mama. Ke ba sayar miki zan yi ba."

Yaya Babba ta zauna da su ta ƙara kwanaki, maganar ɗauke Inna kuwa ta mutu da kanta, don Inna ta ce ba inda za ta. Auta ya koma aiki.

Ranar komawa asibiti ya nemi izini ya kai ta. Likita ya saurari bayanta ya ce ana samun ci gaba. Da suka fito Inna ta ce su biya ɗakin mata, ta sa ya sayo lemo a bakin ƙofa. Ta taka a hankali har ƙarshen baranda, ta tsaya sau ɗaya ta huta.

A gadon mai kifi wata yarinya ce kwance, mahaifiyarta na yi mata fifita. Babbar nas ta gane Inna, ta taso ta riƙe hannunta.

"Mama, sai haƙuri. Bayan tafiyarku jikinta ya rikice, aka mayar da ita ɗakin kulawa ta musamman. Huhun duka biyu ya riga ya kamu tun kafin a kawo ta. An yi iya ƙoƙari. Shekaranjiya Allah ya yi mata rasuwa."

Inna ta yi salati a hankali. Ta tambaya ko 'ya'yanta sun samu zuwa, nas ta ce babban ya iso tana da rai. Inna ta gyaɗa kai. Ta karɓi ledar lemon daga hannun Auta ta ajiye a kan durowar yarinyar, ta ce wa uwar Allah ya ba ta lafiya.

Sun sauko ƙasa ta ce ya bari ta ɗan zauna. Suka zauna a benci a gindin wata bishiya, mutane na wucewa da kwanuka da fulas.

"Ko inda teburin nata yake ban tambaya ba," in ji ta.

"Zan tambayi nas ɗin, Inna. Wataƙila suna da lambar ɗan."

"Ka tambaya. A je a yi musu gaisuwa."

Ya tashi ya koma ciki. Inna ta gyara mayafinta, ta ja dogon numfashi yadda aka koya mata, ta riƙe, ta saki, tana jiran ya dawo.